Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Kafin a Ce Bod Ya Mutu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su daina aiki ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake aiko musu kyauta duk wata. Wanda ke son ƙarin wa'adi an ba shi shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, bisa wasu sharuɗɗa. Hanyar da kamfanin ya nuna wa kowa ita ce Windows 11, ita kuwa sai injin da ke da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017.

Duk wanda ya san abin da ke jere a kantocin Titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san inda gizo ke saƙa. HP EliteBook 8470p da Folio 9470m, Dell Latitude E6430, Lenovo ThinkPad T430, duk 'yan 2012 ne. Ko EliteBook 840 G3 da ake yi wa kallon ta 'yan gayu, a 2016 ta fito. Da irinsu ɗalibai ke buga firojet, da su yara ke koyon riƙe linzami kafin jarrabawar JAMB, su ne kuma a kan teburin sakatarori. Babu ko ɗaya a cikinsu da Windows 11 ta yarda da ita. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya komawa bola saboda wannan sauyi.

Mafitar da ba ta cin ko kwabo ita ce Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Helsinki a 1991, wadda yau ke zuwa da fuskoki iri-iri: Ubuntu, Linux Mint, Debian, Fedora da sauransu. Ba kayan wasan yara ba ce. Jandarmomin Faransa sun haura shekara goma suna aiki da nasu nau'in Ubuntu a dubun-dubatar kwamfutoci, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan Linux da LibreOffice. Sai dai masu yi mata talla suna yawan tsallake mataki guda. Suna ba da labarin sauri da sauƙi da rashin ƙwayoyin cuta, amma ba su cika faɗin cewa mutane da yawa da suka gwada ta suka gudu ba su ma kai ga ganin fuskarta ba.

An soka filas, an kunna, sai Windows ta tashi abinta kamar ba a sa komai ba. Ko a gama loda manhajar lafiya lau, a sake kunnawa, sai baƙin allo ya fito da rubutun "No bootable device". Ko wani ɗan layi mai cewa "grub rescue" ya tsaya yana jiran umarnin da mai kwamfutar bai taɓa ji ba. Daga nan sai shagon mai gyara, inda hukuncin ɗaya ne cikin biyu: "Malam, wannan injin ba ya ɗaukar Linux," ko kuma, "Malam, bod ɗin ne ya tafi." Sau da yawa duka biyun ba haka ba ne. Dalilan da ke hana kwamfuta tashi ƙididdigaggu ne, an san su, an rubuta su shekara da shekaru, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar a kwance ko ƙusa ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai gyaran da zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin kowace babbar manhaja ta farka, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin bod ɗin kanta, ita ke fara motsi da an danna makunni. A tsohon tsari, wanda ya samo asali daga kwamfutar IBM ta 1981, sunanta BIOS. Aikinta bai da yawa: ta duba ram da allon rubutu, sannan ta je farkon faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ta karanta bayit 512 na farko. A cikin wannan ɗan gurbi aka cusa umarnin tashi mai bayit 446 da jadawalin yankunan faifan, waɗanda ba sa wuce huɗu. Ana kiran tsarin MBR. Ba shi da wayo, amma kuma ba shi da fitina: duk abin da ya tarar a wurin shi zai tayar.

Sabon tsarin, UEFI, ya fito ne daga ɗakunan binciken Intel a ƙarshen shekarun 1990, ya zama na gamayyar kamfanoni a 2005, ya kuma mamaye kasuwa da zuwan Windows 8 a 2012. Shi ba ya neman bayit 512. Yana neman wani ƙaramin yanki na musamman a kan faifan, mai tsarin FAT32, inda kowace babbar manhaja ke ajiye fayil ɗinta na tashi. Yana kuma riƙe da jerin sunaye a ƙwaƙwalwar bod, wanda ke gaya masa wane fayil zai fara kira. Yawanci yana tafiya ne da sabon jadawalin faifai mai suna GPT.

To, ga inda tokumbo, wato kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga waje, ta shigo. Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 2011 da 2016 ko kusa da haka, waɗanda su ne suka cika kasuwannin Najeriya, suna ɗauke da tsarin biyu a lokaci guda. Suna iya tashi ta UEFI, suna kuma iya kwaikwayon tsohon BIOS ta wani zaɓi da ake rubutawa Legacy ko CSM. Filas ɗaya kan bayyana sau biyu a jerin tashi, ɗaya da sunansa kawai, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa. Mai lodi ya zaɓi wanda hannunsa ya fara kaiwa, bai san cewa ya riga ya yanke hukunci ba. Ƙa'idar ita ce manhajar lodi tana girka Linux ne bisa tsarin da ita kanta ta tashi da shi. Idan filas ya tashi ta Legacy alhali an saita injin ya nemi UEFI a faifansa, za a gama lodi ba tare da ko kuskure ɗaya ba, a cire filas, injin ya duba inda ya saba dubawa ya tarar babu kowa. Wannan shi ne "No bootable device" ɗin da ke sa a yi wa lafiyayyar kwamfuta ta'aziyya. Haka nan idan Windows na zaune ta UEFI aka ɗora Linux kusa da ita ta Legacy, kowacce ba za ta ga 'yar'uwarta a jerin zaɓi ba.

Gano wannan bai kai minti biyu ba. Wanda ya tashi daga filas ya duba ko akwai jakar /sys/firmware/efi. In akwai, ta UEFI ya shigo. In babu, ta Legacy ce. Daga nan sai ya daidaita saitin injin da abin da ya loda, ko ya sake lodin ta ƙofar da ta dace. Idan GRUB ce ta lalace, wato manhajar da ke nuna jerin zaɓi ta kuma miƙa ragama ga Linux, akwai wata 'yar manhaja mai suna Boot-Repair da ke sake girka ta daga filas ba tare da an taɓa fayilolin mutum ba.

Da a ce kamfanoni sun bi ƙa'idar UEFI yadda aka rubuta ta, da maganar ta tsaya nan. Ba su bi ba. A Nuwamban 2012 injiniya Matthew Garrett ya bankaɗo abin da ke faruwa a kwamfutar tebur ta Lenovo mai suna ThinkCentre M92p. An loda mata Linux daidai, komai na wurinsa, amma ta ƙi tashi. Da aka tona sai aka ga manhajar bod ɗin tana karanta sunan da ke jerin tashi ne, in ba ta ga "Windows Boot Manager" ko "Red Hat Enterprise Linux" ba, sai ta yi biris. Tamkar mai gadi ne aka ba shi sunan baƙi biyu, ya hana mai gidan kansa wuce zaure don sunansa ba ya cikin takarda. Maganin da mutane suka samo abin dariya ne: a canza wa Linux suna a jerin, a kira ta da sunan Windows, sai ƙofa ta buɗe.

Ba Lenovo kaɗai ba ce. Laftof ɗin Acer da yawa ba sa tayar da Linux bayan lodi sai an shiga saiti da F2, an sa kalmar sirrin mai kula, sannan wani zaɓi da ke a dushe ya haskaka, wanda ke ba da damar nuna wa injin fayil ɗin tashi da hannu a ce masa ya amince da shi. Wanda bai san sai an sa kalmar sirri ba zai yi ta danna zaɓin da ba ya dannuwa har ya gaji. Wasu tsofaffin HP kuma ba sa kula da jerin da Linux ta rubuta, kullum fayil ɗin Windows suke nema ko wani fayil na ko-ta-kwana mai suna BOOTX64.EFI, don haka sai an kwafi na Linux an ajiye shi a wannan gurbin. Duk wannan ba gazawar Linux ba ce. Kamfanoni ne suka gwada injinansu da baƙo ɗaya tak, suka ga ya tashi, suka rufe kwali.

Sai kuma Secure Boot, wanda ya zo tare da Windows 8. Manufarsa mai kyau ce: kada injin ya tayar da wata manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun da ya sani, don toshe ƙwayoyin cutar da ke laɓewa tun kafin babbar manhaja ta farka. Matsalar ita ce mabuɗin da ke cikin kusan kowace kwamfuta na Microsoft ne. Masu Linux sun warware wannan da wani ɗan fayil mai suna shim, wanda Microsoft ke sa wa hannu, shi kuma ya tayar da GRUB. Ubuntu ta fara amfani da shi a 2012, Fedora a farkon 2013, Debian sai a 2019. Saboda haka manyan nau'o'in Linux suna tashi ko da Secure Boot na kunne, amma wasu ƙanana, waɗanda su ne suka fi dacewa da raunanan injina, sai an kashe shi.

Dogaro da sa hannun wani yana da farashi, kuma an biya shi a Agustan 2024. Microsoft ta fitar da wata sabuntawa don toshe tsofaffin shim da GRUB masu rauni, ta ce ba za ta shafi kwamfutocin da ke ɗauke da Windows da Linux tare ba. Ta shafe su. Mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari da saƙon "Verifying shim SBAT data failed", Linux ɗin da ta yi aiki jiya ta ƙi tashi yau. Maganin wucin gadi shi ne kashe Secure Boot, cikakken gyara kuwa bai fito daga kamfanin ba sai Mayun 2025. Mai gyaran da bai ji wannan labari ba, in aka kawo masa irin wannan injin, abin da zai fara yi shi ne fomatin, ya haɗa da takardun mai shi.

Gargaɗi ɗaya a nan: idan Windows ɗin da ke kan injin an kulle ta da BitLocker, taɓa Secure Boot na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. A nemo shi a ajiye tukuna, a kuma kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, kafin a taɓa komai.

Duk wannan ma ga wanda filas ɗinsa ke da lafiya ne. Kasuwa cike take da filas na jabu, wanda aka rubuta wa giga 32 ko 64 alhali ainihin cikinsa bai kai rabin haka ba. Yana karɓar fayil ba musu, sai an zo karantawa a tarar da shara. Manhajojin H2testw da F3 suna tona asirinsa. Fayil ɗin lodin kansa ma abin tuhuma ne: Ubuntu 24.04 ta kusa giga 6, Linux Mint kusan giga 3, kuma wanda ya sauke su da datar waya da ke yankewa tana dawowa bai da tabbacin sun iso cikakku. Kowane nau'in Linux yana wallafa wata doguwar lamba, SHA256, da ake gwadawa da fayil ɗin da aka sauke. Kusan ba wanda ke gwadawa, sai lodi ya tsaya a tsakiya a ɗora wa injin laifi. A manhajar Rufus da ake shirya filas da ita, wanda ya zaɓi GPT ya shirya filas ne don UEFI kaɗai, tsohon injin BIOS ba zai gan shi ba, MBR ce ke tafiya da duka biyun. Wasu injinan 2011 kuma ba sa tashi daga shuɗiyar kafar USB 3.0, sai an mayar da filas ɗin baƙar kafa.

Maɓallin kiran jerin tashi ma kowa da nasa: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Toshiba, Esc a Asus. A Acer F12 ne, amma yakan zo a kashe, sai an kunna shi a saiti.

Idan jerin GRUB ya fito, aka zaɓi Linux, sai allo ya yi baƙi ƙirin alhali fanka na juyawa, wannan albishir ne, ko da yake bai yi kama da shi ba. Injin ya tashi, hoto ne kawai bai fito ba, galibi saboda direban katin hoto, musamman tsofaffin Nvidia. A jerin GRUB a danna harafin e, a nemi layin da ke ɗauke da "quiet splash", a ƙara kalmar nomodeset, a danna F10. Ubuntu da Linux Mint ma sun tanadi wannan a matsayin zaɓi na biyu a jerinsu. Da an shiga sai a girka direban da ya dace. Goge kalmomin "quiet splash" ɗin kuma yana sa injin ya riƙa rubuta duk abin da yake yi, layin da ya tsaya a kai shi ne ke nuna mai laifi.

Wani lokaci kuma komai ya tashi, sai manhajar lodi ta ce ba ta ga faifan ajiya ba. Dell da yawa suna fitowa daga masana'anta a saitin "RAID On", wanda ke ɓoye faifan a bayan fasahar Intel RST. Mayar da shi AHCI ya wadatar. Amma wanda ke son ya ci gaba da riƙe Windows ya yi hattara, don sauya saitin kai tsaye yana jefa ta cikin shuɗin allo, sai an fara sa ta tashi a yanayin kariya sau ɗaya. A 2016 masu Lenovo Yoga 900 sun tarar an cire musu zaɓin AHCI ɗin ma baki ɗaya, sai da ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya fitar da wani BIOS da ya dawo da shi.

Akwai injinan da tsufansu na gaske ne. Pentium M, da Core Duo na farkon 2006, da Atom N270 da ke cikin ƙananan laftof ɗin 2008 da 2009, duk masu bit 32 ne, kuma Linux mai bit 64 za ta gaya musu a fili cewa ba za ta tashi ba. Ƙofarsu tana ta ƙara rufewa. Ubuntu ta daina fitar da faifan lodi mai bit 32 tun 2017, Linux Mint ta tsaya a 19.3, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta ajiye shi. Saura Debian 12, da za a ci gaba da kula da ita zuwa tsakiyar 2028, da irin su antiX da ke iya motsi da ram megabayit 512. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai irin wannan injin ita ce zai tashi, zai buga takarda, amma shafukan intanet na yau sun fi ƙarfinsa. Daga Core 2 Duo zuwa sama kuwa bit 64 ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka saba loda wa Windows 7 mai bit 32 suna cikin wannan rukuni ba tare da masu su sun sani ba.

Sannan akwai ciwon da ba na manhaja ba, wanda lodi ke tonawa kawai. A jikin kusan kowane bod akwai ɗan batiri mai kamar kwabo, yawanci CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saiti. A injin da ya shekara goma sau da yawa ya riga ya mutu. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka cire wuta, kuma a injina da dama saitin da aka sha wahalar gyarawa, na AHCI ko na Legacy, sai ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Mai kwamfutar ya ce Linux ta yi kwana biyu ta lalace, alhali batirin da bai kai kuɗin cin abincin rana ba ne. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka tana sa injin ya ɗauki zafi ya kashe kansa ana tsakar lodi. Ram mai rauni na kawo kurakurai marasa kan gado, Memtest86+ da ke cikin filas ɗin Linux da yawa tana gano shi. Ga kuma ɗauke wuta. Girka GRUB na cikin matakan ƙarshe na lodi, don haka laftof mai mataccen batiri da wuta ta yanke mata ana saura minti biyu za ta kasance da Linux kusan cikakkiya a cikinta amma babu abin da zai tayar da ita.

Adalci ya sa a faɗi laifin ɗaya ɓangaren. A Disambar 2017 kamfanin Canonical ya janye Ubuntu 17.10 daga shafinsa bayan an gano wani direba a cikinta yana kulle BIOS ɗin wasu laftof, akasari na Lenovo, har su kasa adana saiti ko tashi daga filas. Sai a Janairun 2018 aka sake fitar da gyararriya. A farkon 2013 wasu laftof ɗin Samsung sun mutu murus bayan an tayar da Linux ta UEFI, ko da yake daga baya an nuna cewa aibin na manhajar bod ɗin ne, kuma ana iya jawo shi daga cikin Windows ma. Saƙonnin kuskuren GRUB kuwa an rubuta su ne kamar don injiniyoyi kaɗai. Mutumin da ya ga "unknown filesystem" a baƙin allo ba a ba shi ko alamar inda zai dosa ba, kuma shekaru sun shuɗe ba a gyara wannan ba.

Ba kuma kowa Linux ta dace da shi ba. Mai shagon da cinikinsa ya dogara da CorelDraw, yana buga katin biki da kalanda, ba zai sami manhajarsa a can ba, kuma ce masa ya koma Inkscape rana ɗaya rashin sanin sana'arsa ne. Manhajojin gwajin jarrabawa da yawa ma na Windows ne. Amma ɗalibin da buƙatarsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, da ofishin da aikinsa wasiƙu ne da lissafi, babu abin da za su rasa. Marubucin Hausa ma riba zai ci, don Linux na zuwa da tsarin allon rubutu na Hausar Najeriya da na Gana, masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ba sai an sauke komai ba.

Masu gyara za su ce akwai hanya mafi sauƙi: Rufus na iya cire sharaɗin TPM a cusa Windows 11 a kan tsohon injin. Haka ne, kuma ana yi kullum. Sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin waɗannan injina ba su da tabbacin samun sabuntawa, kuma tun daga fitowar zubin 24H2 a 2024, Windows 11 na neman wasu umarnai da furosesar Core 2 Duo ba ta da su, ba ta ma tashi a kanta ko an yi dabara. Zama a kan Windows ɗin da ba ta samun gyaran tsaro kuwa, ƙwayar cutar WannaCry ta nuna ƙarshensa a Mayun 2017, lokacin da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har da na asibitocin Ingila. Yau da mutane ke shiga asusun banki daga laftof, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Shi ya sa ƙwallon ke hannun masu gyara da masu koyar da su. Yaron da ya iya canza sikirin da narka dalma a jikin bod ba zai gaza fahimtar bambancin Legacy da UEFI ba, ba a dai koya masa ba ne, kuma babu wanda ya nuna masa cewa akwai kuɗi a ciki. Filas ɗaya da aka shirya da Ventoy, manhajar da ta fito a 2020, yana ɗaukar nau'o'in Linux da yawa tare da kayan gwaji, a tayar da injin mai saye a nuna masa komai na aiki kafin a taɓa faifansa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta, da kwalejojin kimiyya da fasaha, da cibiyoyin koyar da sana'a na jihohi, za su iya koyar da wannan cikin mako guda. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma matattu ne tun kafin a sauke su. Ƙasar da ke karɓar matattu da yawa haka bai kamata ta riƙa binne masu rai ba. Yanzu da ofisoshin Turai da Amurka ke zubar da injinan da Windows 11 ta ƙi, kwantenonin da ke tafe za su ƙaru ne.

Mai saye ma yana da nasa aikin tun a kanti. Yawancin tokumbo daga kamfanoni suka fito, wasu kuma suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS wadda tsohon ofishin ya sa ya manta. Windows na tashi lafiya, don haka ba a lura. Ranar da aka so sauya saiti ne za a ci karo da ƙofa a kulle, kuma a ThinkPad da injinan ofis da yawa cire batirin bod ba ya goge ta. Kafin a biya kuɗi a danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a tabbatar saitin na buɗewa kuma yana karɓar canji.

Wata matsalar kuma ta riga ta sa rana. Takardar shaidar 2011 da Microsoft ke sa wa shim hannu da ita wa'adinta Yunin 2026 ne, an kuma maye gurbinta da ta 2023. Linux ɗin da ke kan injin tun da ba za ta daina tashi don wannan ba. Amma sabon filas da aka sa wa hannu da sabuwar takardar kaɗai zai gamu da tsofaffin injinan da ba su san ta ba, waɗanda kamfanoninsu suka daina aiko musu sabunta BIOS tun tuni. EliteBook da Latitude na 2012 suna sahun gaba. Za su nuna saƙon keta dokar tsaro su tsaya cik, kuma abin da za su buƙata shi ne a shigar musu da sabuwar takardar, ko a shiga saiti a kashe Secure Boot.